Ramin Iri da Lambar Lawali

Ranar da Hadiza ta sauka gidana a unguwar Manshiya, cikin garin Sabha na Libiya, da ƙurar hanyar Agadas har cikin girarta, abin da na fara tambayarta bayan gaisuwa shi ne lambar wayar ubanta. Hadiza 'yar ƙanena Lawali ce. Mijinta ya rasu, ta bar yara biyu wurin Lawali a Damagaram, ta taho da niyyar wucewa Turabulus aikin gida. Ta zaro salula daga ƙugun zane, ta nuna mini hoton tsohon da hularsa a karkace.

"Ga shi nan, Gwaggo. Ina taɓa fuskarsa sai ta kira shi."

"Ban ce ki nuna mini fuskarsa ba, na riga ki saninta. Lambar na ce ki faɗa."

Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Na daɗe ina sayar da tuwo da shinkafa ga direbobi da masu jiran mota a garin nan, na kuma ga abin da hanya take yi wa mutane. Tsakanin Sabha da bakin teku bawwaba ce bayan bawwaba, wato shingayen masu bindiga, kuma abin da ake fara karɓewa a hannun baƙo shi ne waya. Na san mutane da ransu da lafiyarsu, suna nan suna dakon siminti, a gida kuwa tuni an yi musu addu'a an raba kayansu, don kawai danginsu duka suna cikin wayar da aka ƙwace. Ban so yaran Hadiza su tashi ba su san ko uwarsu na duniya ba. Sai na ce mata ba inda za ta sai lambar nan ta zauna a kanta. Yadda ake zaunar da abu a ka kuwa, wurin Kaka na koya, a bakin wuta.

A nan Sabha na yi wayo. Babanmu direban babbar mota ne, da zama ya kama shi sai ya kwaso mu har da mahaifiyarsa. Gidanmu na bakin gari, ginin ƙasa da rufin kwano. Wanda bai yi sanyin Fezzan, wato kudancin Libiya, ba zai gane ba: ruwan randa ma yanka hannu yake. Ana idar da magariba Kaka za ta karya busasshen reshen dabino, ta hura gawayi a kasko, mu kewaye. Ba zaman banza muke ba. Akwai wani Balarabe mai shago da ke kawo mana dabino buhu-buhu mu cire masa ƙwallo, shi kuma ya danne ya sayar. Tasa ɗaya a tsakiya ta dabino, ɗaya ta ƙwallo. Yatsunmu su yi danƙo, hayaƙi ya shiga ido, baya na jin sanyi gaba na jin zafi. Baba yawanci yana hanya, sai mu da Inna da Kaka.

Kaka ƙaramar mace ce, bakinta ja da goro, ba ta ɗaga murya. In za ta fara sai ta ƙwanƙwasa bakin kaskon da ƙarfen tonon wuta, ta ce, "Na zo da kaya, wa zai ɗauka?" Mu ce, "A ɗora mana." In ta gama ta ce, "Na sauke. Yanzu a kanku yake." Ba wasa take ba da wannan magana. Tatsuniya sau ɗaya take faɗinta. Washegari, kafin ta buɗe baki da sabuwa, sai ɗayanmu ya mayar mata da ta jiya. Ba a mayar ba, ba sabuwa, mu cire ƙwallo shiru har isha'i.

"Ni ba rediyo ba ce," in ji ta, "da za ku murɗa in yi ta zuba."

Lawali kansa da sauri. A daren da aka faɗi tatsuniya zai iya zazzago ta daga farko har ƙarshe, har da kwaikwayon muryar kura. Sai ya buga ƙirji ya ce ya riƙe, ya tafi ya kwanta. Gobe da yamma rabi ta zube.

"Angona," Kaka za ta ce masa, "da sauri kake ɗiba, da sauri kake zubarwa. Wa zai aure ka da wannan kai in ba ni ba?"

Ni kuwa a hankali nake. In aka ce in mayar, idona ya tafi kwanon rufi, goshina ya tattare, dabinon da ke hannuna ya tsaya rabi a ɓare. Ko da na faɗi daidai, sai in ji sanyin ƙarfen tonon wuta a gwiwata.

"Hannu ya tsaya. Ba ki same ta ba tukuna, nemanta kike."

Abin da take kallo ke nan, hannu. Ba ta cika damuwa da ko ka sauya wata kalma ba. A wurinta, in kai yana can yana haƙa, to ba ya da sauran ƙarfin da zai ba wa yatsu. Ranar da magana ke fita ƙwallo na faɗawa tasa ba tsayawa, ranar ne abin ya zama naka.

Na sha roƙonta ta maimaita mini ko sau ɗaya. Sai ta ce, "In na maimaita, kunnenki ne zai ƙoshi, ki ɗauka kin sani. Shiga ki jawo ta da kanki, ko da wutsiyarta ce." Sai na sha wuya, na yi ta kame-kame, sannan za ta cike mini gurbin da ya ɓace, shi kaɗai, ba ƙari. Kuma tana da mugunta irin ta tsofaffi. Kana tsakiyar magana za ta aike ka ɗebo ruwa, ka dawo haƙora na kaɗawa ta ce ci gaba daga inda ka tsaya. Wata rana ta ce fara daga tsakiya. Wata rana ta bar ta jiya ta nemi wata da muka ɗauka an wuce wurinta tun sallar layya.

Wadda ta fi ba ni wuya, ita ce kuma ta fi zama, ita ce ta ramin iri.

Wai a wani gari aka yi fari, dattawa suka ji tsoron kar yunwa ta sa mutane su cinye irin shuka. Sai suka tattara irin gero, suka kai can cikin daji suka haƙa rami suka binne. Mutum uku kaɗai aka nuna wa wurin: wani maharbi, da wani saurayi da aka sani da kaifin kai, da wata mata mai akuya ɗaya. Maharbi ya sari jikin wani gawo ya yi alama, ya ce shi ke nan. Saurayi ya dubi gabas ya dubi yamma, ya ce abin da idonsa ya gani ba ya ɓacewa. Matar ba ta yarda da kanta ba. Kullum da safe in ta tsuguna tatsa sai ta riƙa faɗa wa akuyar hanyar: daga tsohuwar rijiya sai suri, daga suri sai kwari, a bi kwari har inda ƙasa ta yi ja. Da farko takan rikice, ta ajiye ƙwarya ta je ta duba, ta dawo ta gyara. Mutane na wucewa suna dariya, wai yunwa ta taɓa ta har tana hira da dabba.

Fari ya daɗe. Aka sassare itatuwa, aka kankare ɓawonsu. Dattawan da suka yi binnen suka mutu. Da hadari ya taso, aka buga ganga, gari ya fito da fartanya da jajayen idanu. Maharbi ya je ya tarar da kututture cikin kututtura. Saurayi ya ja mutane gabas, ya juya da su yamma, har rana ta yi tsaka. Sai aka tuna da matar. Aka kewaye ta, kowa na ihu, wani ma ya ɗaga sanda. Tsoro ya shafe mata kai fes, ko sunan rijiya ta kasa kamawa. Ta ce a kawo mata akuyarta. Aka ce wace akuya, wadda aka cinye tun bara? A nan Kaka takan gyara wuta, ta bar mu a rataye. Sannan ta ce matar ta tsuguna, ta sa ƙwarya tsakanin gwiwoyinta, ta fara motsa yatsu a iska kamar mai tatsa. Sai bakinta ya buɗe shi kaɗai: daga tsohuwar rijiya sai suri. Aka bi, aka haƙa, aka shuka.

Na yi ta kasa mayar da wannan. In sa kwari kafin suri, in manta dattawa sun mutu. Har Lawali ya fara zungurina a ɓoye don na hana su jin sabuwa. Sai na koma faɗa wa kaina ita wurin wanke-wanke, wurin shara, a hanyar famfo. Wata yamma Kaka ta ce in mayar, na fara, ban ankara ba sai na ji na kai ga shuka, tasar gabana kuma ta cika da ƙwallo. Abin da na fi tunawa shi ne sauƙin. Kaina bai yi nauyi ba. Ina magana ina jin karen maƙwabta, ina ganin Inna na gyangyaɗi, kamar wata ce ke faɗa ni ina saurare. Kaka ba ta yaba ba, ba ta yabo. Ta dai ƙwanƙwasa kasko ta ɗora sabuwa.

Haka na yi wa Hadiza. Ban ba ta labarin Kaka ba, ba ni da lokacin wannan. Na karɓe wayar da rana, na ba ta wuƙa da kwandon albasa. Ni lambar Lawali tana kaina, don ban iya karanta suna a waya ba, da ka nake riƙe mutanena. Na faɗa mata yadda kowa ke faɗin lamba a Nijar, da Faransanci, bibbiyu, katirban-kaza, karant-kaza. Ba ni ba ita, babu wadda ta shiga lakwal, wato makarantar boko, amma haka lamba take zuwa mana, kamar waƙa.

Kan ubanta ta ɗauko. Nan take ta maimaita daidai, ta ce, "To ai na riƙe, ba ni wayata." Na ce sai gobe. Gobe ta yi, na tambaya, idonta ya tafi sama, wuƙa ta tsaya cikin albasa.

"Gwaggo, ɗan tuna mini farkon kawai."

"A'a. Jawo."

"Wallahi yana bakina."

"To fito da shi, bakin naki ne."

Sai na riƙa faɗa mata ba shiri. Tana tuƙa tuwo, tana zuba wa mutane miya, tana fitowa daga wanka, in daka mata tsawa, "Faɗa!" Ran nan ta jefar da ludayi.

"Gwaggo, ni fa ba yarinya ba ce. 'Ya'ya biyu gare ni."

"Saboda su biyun ne. Ɗauki ludayin ki wanke."

Masu cin abinci suka mai da abin nishaɗi. Akwai wani direba ɗan Libiya da ya tsinci Hausa a hanyar Agadas, kullum sai ya ce, "Hajja, kai yana kashe yarinya da lamba. Bari shi ya huta!" In ce masa ya ci abincinsa, miya na hucewa.

Cikin masu zuwa akwai Malam Abdu, wanda ya yi aikin asibiti a Kano kafin ya zo nan yana tsaron kantin magani. Ya zauna yana kallonmu ran nan, lokacin Hadiza ta fara kamawa, wuƙar na ɗan rage gudu amma ba ta tsayawa. Ya ce mini likitoci suna da na'urar da ke nuna wane sashe na ƙwaƙwalwa ke aiki sa'ad da mutum ke tuna abu. Ya ce in abin sabo ne, sashen gaba, nan bayan goshi, shi ke shan wahala: shi ke nema, shi ke riƙewa, shi ke duba ko daidai ne. In an yi ta jawo abin, sai aikin gaban ya ragu, abin ya riƙa zuwa ta gajeriyar hanya. Ya ce kuma jawowa da kai ya fi sake dubawa ƙarfafa hanyar, ko da ya fi ciwo.

Na ji daɗin maganar, don goshi kam na ga yadda yake tattarewa ya kuma sake. Na tambaye shi ko na'urar tana ganin tsoro. Ya ce iyakar saninsa, tsoro wannan gaban yake fara rikitawa. Na ce to madalla, ashe gara mu kwashe kayanmu daga can tun da wuri.

Ranar da ta faɗi lambar tana tsakiyar faɗa da wani a kan ya ɓata mata faranti, ba ta ko juyo ba, na miƙa mata wayarta. Ta sami mota a tasha, ta tafi. Ta kira ni sau ɗaya daga hanya. Daga nan shiru.

Na kira, a kashe. Lawali ya kira, a kashe. Sati ya bi sati. Sai magana ta fara yawo a tasha cewa wata mota ta kife gaba da garin Shuwairif, a hanyar Turabulus, mata sun mutu, wani ya ce wani ya ce akwai 'yar Damagaram a ciki. Irin wannan magana ba ta buƙatar mota, kafin in rufe baki ta isa gida. Lawali ya kira ni, muryarsa ta tsufa a 'yan kwanakin.

"Yaya, in tara mutane ne? Yaran sun fara tambaya."

"Ka ga gawa?"

"Wa ke ganin gawa a wannan hanya?"

Na ce ya jira. Ya jira iya jiransa. Daga baya ya gaya mini ya auna geron sadaka ya ajiye, ya yi wa malaman unguwa magana, an sa ranar Juma'a. Ban hana shi ba. Ba ni da abin da zan hana shi da shi.

Ana saura kwana kaɗan wayar Lawali ta yi ƙara da baƙuwar lamba. Hadiza ce. Maganar ba ta yi tsawo ba: tana raye, a tsare take, a gaya wa yara.

Sai da aka sake su aka mayar da su Agadas na ji labarin daga bakinta ta waya. A wata bawwaba aka sauke su, aka bi su da buhu kowa ya jefa wayarsa, aka kai matan wani babban ɗakin ajiya aka rufe. Akwai wani dattijo mai kawo musu burodi. Ran nan ya ga tana kuka, ya waiga bai ga kowa ba, ya fito da wayarsa ta tsakanin ƙarafan ƙofa, bai saki ba, ya ce da Larabci ta faɗi lamba da sauri.

"Gwaggo, kaina ya zama fanko. Ko sunan Baba a lokacin sai na yi tunani. Mutumin na ta waige-waige, ya fara janye hannu."

"Sai me?"

"Sai na ji muryarki."

"Muryata?"

"Wallahi. Da masifar da komai. Faɗa! Kafin in san me nake, ta zubo duka."

Amma ba a gama ba. Da Faransanci ta zubo, dattijon kuwa ba ya ji. Ya ce ɗaya-ɗaya, da Larabci. Ta yi ƙoƙarin tsinka ta, sai ta watse. Ba ta san katirban-kaza wace da wace ba ce a jikin waya. Wata 'yar Chadi da ke kusa, wadda ta yi makaranta, ta matso ta ce ta sake faɗa a hankali. Hadiza ta ce ba ta iya a hankali, in ta rage gudu ɓacewa take. Sai ta riƙa zubo ta dunƙule daga farko, 'yar Chadin na cafke biyu tana juya wa dattijon, ta sake zubowa a cafke biyu na gaba, har lambar ta cika.

"Da ta fara ringin, Gwaggo, sai ga muryar Baba."

Na ce mata ta gode wa Allah, ta kuma yi wa dattijon da 'yar Chadin addu'a. Ta ce ni fa? Na ce ni albasata ta yanku.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar ramin iri yabon haƙuri ce, a ce mai nawa ta fi mai sauri. Yanzu ba haka nake ganinta ba. Kaka ta ratso hamada a bayan mota da ƙunshi ɗaya, ta san jikokinta mutanen hanya ne, ta san kuma ranar da za ka fi buƙatar abin da ka sani ita ce ranar da hankalinka ba ya jikinka. Abin da kake nema da goshi, sai kana cikin natsuwa kake samunsa. Abin da ka yi ta jawowa har ya daina buƙatarka, shi ke fitowa ko kana rawar jiki. Abin da Hadiza ta ƙara mini shi ne, ta hanyar da ka shimfiɗa masa kaɗai yake fitowa, ba ya sauya harshe don ka shiga uku. Shi ya sa yanzu duk wanda ya ratso ta wurina zai yi arewa, sai ya iya lambarsa da Larabci ma, ya kuma iya danna ta da yatsa.

Da na sake samun Lawali, bayan an gama koke-koke, na tambaye shi yadda ya yi da geron da ya auna.

"An daka, Yaya. An yi fura, unguwa ta sha. Malaman ma sun zo ranar Juma'ar, tunda na riga na gayyace su. Addu'ar ce kawai aka canza."